Ban Sha Komi Ba Ranar da Na Kira Sunan Surukata

Zuwa ga Malam Ibrahim, mai filin shawara,

Malam, ka agaje ni don girman Allah, aurena shina gab da mutuwa. Duk wanda na kai wa kuka a nan Buza ya riga ya yanke mani hukunci tun ban buɗe baki ba, shi ya sa na ce bari in kai ƙara inda ba a san huskata ba. Jaridarku tana iso mu a hannun fataken goro, wani lokaci ta tsufa a hanya duk ta sha mai, amma ana karanta mana ita. Da ajami na rubuto, ku juya ta yadda kuke juyawa, kada dai ku rage mani magana. Sunana kaɗai na ɓoye, shi ma don uwata tana da rai ne.

Ni tsohon soja ne. Shekarar da anka fara yaƙin Jamus anka ɗebe mu, anka zuba mu kamiyo, babbar motar kaya, daga kamiyo sai jirgin ruwa. Kahin nan ko warin giya ban sani ba, ubana ladan ne har ya rasu. A can ba wanda ya tilasta ni, kada in ɗora wa Nasara abin da bai yi ba. Sanyi ne, Malam, mai shiga ƙashi, ga tsoro irin wanda namiji ba shi faɗi. Akwai wani kwanon ƙarhe mai mariƙi da kowane soja ke ratayawa, muna ce mashi kar. Wani abokina ya zuba mani jar giyarsu a ciki, ya ce magani ce. Ta kuwa yi magani, na samu barci. Da yaƙi ya ƙare wasu sun komo da lambar girma, ni na komo da kar da ƙishirwar da ruwan rijiya ba shi kashewa.

A gida babu jar giya, amma akwai burkutu bayan bariki a Madawa, akwai shi ƙauyukan kan dutse, kuma ƙafar soja ba ta jin nisa. A haka na auri Jaratu, ɗiyar mutanen Deule, sun ga riga da takalmi suna murna sun yi suruki. Ta sha wuya a hannuna, ba ni musu. Abin da ya kai maganar ƙarshe ya faru ranar sunan ɗiyarmu ta fari, ba ni rubuta sunanta, ka san al'ada. Jaratu ta haihu gidansu, can anka yi suna. Kowa ya san uban ɗan fari ɓoyewa shike a ranar. Ni kuwa na iso da hantsi a buge, na kutsa cikin mata ina waƙar bariki, na ce sai an ba ni yarinya in ɗaga ta a gani. Uwar Jaratu ta tare ni a ƙofar ɗaki. Na ture ta. Ta faɗi kan turmi, hannunta na dama ya karye, an ɗora amma ya warke a karkace. Tun ranar Jaratu ba ta komo ɗakina ba. Ban sake ta ba, su ma ba su nemi saki ba, auren dai shina nan rataye.

Wanda ya tsamo ni Barmo ne, tsohon sarjan, mutumin Urno, ya yi yaƙin farko tun ina goye. Yanzu haƙar rijiya shike a ƙasarmu. Ya sha giya har ya hi ni sha, ya bari, kuma ya tara irinmu, tsohin sojoji da wani mahauci da wani ɗan caca da bai taɓa sa kaki ba. Kowace ranar kasuwa bayan la'asar muna zama gindin wani gawo, bayan turken jakai. Barmo ya ce mashayi mutum ne da ya faɗa rijiya, ba shi hita da tsalle, sai ta ramukan nan da mahaƙi ke sarawa a bango don sa ƙafa, ɗaya bisa ɗaya, kuma ba a tsallake ko guda.

Da fari ka tashi gaban 'yan uwa ka faɗi da bakinka cewa abin ga ya hi ƙarhinka. Malam, na tsaya gaban igwa, amma wanga tsayi ya hi ba ni wuya. Sannan ka miƙa lamarinka ga Allah, ka koma salla cikin jama'a ko ana zunɗenka. Sannan a ba ka abokin tahiya, ba ka zuwa kasuwa ko biki sai da shi. In hanyarka ta bi ta ƙofar masu dahuwar giya, ka sake hanya. Kar ɗina ma Barmo ya karɓe, ya huda gindinsa da ƙusa ya mayar mani, ya ce in rataye inda zan riƙa gani. Duk na yi. Jikina ya yi rawa, na yi amai, na ga abubuwa suna tahiya a bango alhali babu su, na ciji tabarma. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, ga mu cikin bazara, ko ɗigo bai shiga bakina ba. Na noma gerona da hannuna, rumbuna cike shike, duk mai shakka ya zo ya leƙa.

Sai munka iso matakin neman gafara. Dokar Barmo ita ce, duk wanda ka cuta cikin maye ka tahi da ƙafarka, ka kira sunansa, ka dubi idonsa, ka faɗi abin da ka yi mashi ba ragi ba kwana-kwana. Babu aike. Ya ce mashayi duk rayuwarsa bayan wani shike laɓewa, uwa ta ba da haƙuri, kawu ya ba da haƙuri, shi kuwa shina can shina kurɓa. Gaskiya ya faɗi, haka nike da. Na je wa maƙwabcin da na zaga, na je wa liman, na je wa ƙanena da na mara gaban matarsa. Duk sunka yahe mani, ƙanen nawa har da hawaye. Saura mutum guda, ita ce tsohuwar da na karya.

Na sani, Malam, kada ka ce ban sani ba, ni ma ɗan ƙasar ga ne. Suruki ba shi haɗa ido da uwar matarsa, in ya hango ta a hanya ratsewa shike cikin gona, ba shi cin abinci gabanta, sunanta kuwa ko mai irinsa ya gamu da ita sai ya laƙa mata wani. Na faɗa wa Barmo haka. Ya tambaye ni ina kunyar take ranar da na ture ta. Ya ce tunda ban ji kunyar karya mata hannu ba, kada in fake da kunya wajen gyara. Na bi maganarsa.

Wata Alhamis na yi wanka, na sa farar rigata, na kama hanyar Deule da ƙafa. Abokin tahiyata ya raka ni bakin gari ya tsaya. Na yi sallama a zaure ban jira amsa ba, don na san in na jira za a ce ba ta nan. Na iske ta tsakar gida tana tsintar wake a faifai da hannun hagu, mata maƙwabta kewaye da ita, kusan duk waɗanda sunka ga abin da ya faru ranar suna. Na ce madalla, gaban waɗanda na yi ɓarna nan zan gyara. Na ƙame kamar ina gaban kapiten, na dube ta cikin ido, na kira ta Takawa, don shi ne sunanta, sannan na fara jero laihina.

Ban kai rabi ba. Faifai ya kihe, wake ya watse, tsohuwa ta ja mayahi ta ruhe huska ta rarrafa ɗaki tana salati. Mata sunka sa ihu wai na sake shawowa. Yayyen Jaratu sunka shigo sunka yi waje da ni kamar buhun albasa. Ɗayansu ya kama haɓata ya sansana bakina, da bai ji komi ba sai ya ce ai Nasara suna da wadda ba ta wari. Ka ji fa! Jaratu tana tsaye jikin rumbu da yarinya a baya, ta ga komi. Ban ce mata uffan ba, don ba wajenta na zo ba a ranar.

Kahin in iso Buza labari ya riga ni. Yau daga Deule har Keita an san sojan nan ya koma ruwa, wai ba mai tsayawa ƙerere ya kira sunan surukarsa sai wanda ya sha. Waɗanda sunka fara amsa gaisuwata sun koma kau da kai. Haba jama'a! Lokacin da nike sha, in na rantse ban sha ba sai a yarda. Yau da bakina ya tsarkaka, ba mai yarda da ni. Raina ya ɓaci, Malam, ya ɓaci ƙwarai.

Yanzu dangin Jaratu sun aiko wa kawuna Dodo, wan uwata, cewa in ina son matata a yi biko yadda anka sani: dattijo ya zo da goro ya ba da haƙuri a madadina, ni kuwa kada a ga ƙeyata a Deule. In ruwan shuka ya sauka ba a yi ba, za su kai magana gaban alƙali a raba auren. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas. Kawu ya ce a shirye shike, amma sai na yarda ya ce masu a buge nike ranar Alhamis ɗin nan. Wai shi ne kaɗai uzurin da za su karɓa, don maye ana yahe shi, amma mutum da hankalinsa ya yi haka ba a yahewa.

Wallahi ba ni yarda. Ko za a yanka ni ba ni cewa na sha. Abu guda ke gare ni mai tsabta a duniyar ga, shi ne daminar nan biyu da na yi ban kurɓa ba, kuma shi ne za a ce in zubar da bakina don a ji daɗi? In na yarda, da wane ido zan tashi gindin gawo? Barmo ma ya ce aike ba mataki ba ne, kuma duk wanda ya fara ƙarya kan giya ba shi daɗewa bai koma mata ba. Ban yi laihi ranar nan ba. Na tahi da ƙafata na faɗi gaskiya, abin da maza da yawa masu rawani ba su iyawa.

Ba ni ɓoye maka, shekaranjiya na kai albasa Madawa, abokin tahiyata ya tsaya cinikin igiya, ƙafata ta kai ni bayan bariki ban aike ta ba. Na tsaya har warin ya cika mani hanci. Zuciya ta ce tunda an ce ka sha, mi ya rage? Sai na tuna in na sha sun yi gaskiya ke nan, na tofar da yawu na juya. Ba ni ba su wanga daɗi. Amma in sunka kashe mani aure kan gaskiyar da na faɗi, duk abin da ya biyo baya su sunka ja, na dai faɗa maka.

Ina son matata, Malam, ina son yarinyar nan ta tashi ta san ubanta ba a buge ba. Ka faɗa mani ta inda zan bi, ban yi ƙarya ba, ban tsallake mataki ba, kuma ban rasa iyalina ba.

Ni ne,
Mai Hudajjen Kar, Buza.

AMSA

Ɗan'uwa Mai Hudajjen Kar,

Na yarda da kai, ba ka sha ba. Wanda ya sha ba ya faɗin cewa ƙafarsa ta kai shi bayan bariki. Damina biyu ba wasa ba ce, sannu da ƙoƙari, kuma ka gaishe mini da Barmo, aikin alheri yake yi.

Maganar ƙarya kuwa, kana da gaskiya, kada ka yarda. Kawunka da kyakkyawar niyya ya kawo shawarar, amma bai duba gabanta ba. In aka ce ka sha ranar nan, to an gaya wa Jaratu cewa mijin da za ta komawa har yanzu mashayi ne, kuma duk ranar da ka makara a kasuwa zuciyarta ba za ta kwanta ba. Akwai uzuri na gaskiya da ya fi wannan: ba ka sha ba, wauta ka yi. Wauta ma ana yafe ta.

I, wauta na ce, kuma a nan za mu saɓa. Ka ce ba ka yi laifi ranar Alhamis ba, ni kuwa na ce ka yi. Na karanta wa uwargidana wasiƙarka, ita ma tana da surukai, da na zo wurin kiran suna sai ta dafe ƙirji. Ka tambayi kanka, wa ya samu sauƙi a ranar? Kai ka tafi sauke kayanka, ita tsohuwar kuwa an sake tozarta ta a tsakar gidanta, gaban matan da suka ga faɗuwarta ta farko. Neman gafara haƙƙin wanda aka cuta ne, ta hanyar da zai iya ji ake bi. A bariki wanda ya sunkuyar da kai ana zargin yana ɓoye wani abu, shi ya sa dokar Barmo ta yi aiki a kan maƙwabcinka da ƙanenka. A gidan surukai sunkuyar da kan shi ne ban haƙurin. Kai ma ka san haka, tunda ka kasa rubuta mini sunan 'yarka, ni da ban san ka ba, amma ka rubuta na kakarta.

Mutanen Deule ma ka yi musu adalci. Sau biyu ka shiga tsakar gidan nan ba izini. Na farko an ɗauki tsohuwa da karaya. Da suka ga ka sake kutsowa ka ƙame kana ɗaga murya, me kake so su zata? Tsoro suka ji, kuma kai ka koya musu shi.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka bar kawu Dodo ya tafi da goronsa, amma ba shi kaɗai ba. Ya tafi da limaminku, wanda yake ganinka a sahu, da Barmo kansa. Barmo ya faɗa musu da bakinsa cewa shi ya aike ka, shi ya ce ka kira suna, kuma ya san ba ka sha ba. Mutumin da yake koya wa wasu tsayawa a kan abin da suka yi ba zai ƙi wannan ba. Su roƙa maka alfarma guda, a bar ka ka zo bayan dangar gidan. In an yarda, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, kanka a ƙasa, tana ciki kana waje, ka kira ta Inna, ka nemi gafara da bakinka a kan hannun da kuma a kan Alhamis. Ka ga ba ka laɓe bayan kowa ba, dattawa ƙofa kawai suka buɗe maka. In Barmo ya ce matakin bai cika ba, ka sa a karanta masa wannan amsa, in ya ƙi ma kada ka bar zaman gindin gawo saboda haka.

Bayan baki sai aiki. Mace mai karkataccen hannu ba ta iya riƙe fartanya kamar da. Ka nemi izini ka share mata 'yar gonarta kafin ruwa, ka shuka, ka nome, bana da baɗi, ba tare da ka jira a gode maka ba. Suruki ya yi wa surukarsa noma ba baƙon abu ba ne, babu wanda zai ce maye ne.

Akwai magana guda a wasiƙarka da ba ta yi mini daɗi ba, inda ka ce duk abin da ya biyo baya su suka ja. A'a, ɗan'uwa. Wannan tsohuwar muryar ce ta leƙo, tana neman wanda za a ɗora wa. In ka bar giya don a mayar maka da mata, ranar da aka hana ka za ka koma. In ka bar ta don ka ƙuntata wa masu zunɗe, ranar da suka daina za ka rasa dalili. Maganar bayan barikin nan ka faɗe ta gaban 'yan uwanka ranar kasuwa mai zuwa, kuma kada ka sake rabuwa da abokin tafiyarka a Madawa.

Na bar mafi nauyi ƙarshe. Ka lissafa mini waɗanda ka cuta, ka ce saura mutum guda. Ba guda ba ne. Wa ya zauna da kai cikin mayen nan, wa ya ji kunyar duniya ranar sunan 'yarta ta fari? Ka tafi wurin da al'ada ta hana ka ɗaga ido, ka wuce wadda babu al'adar da ta hana ka duban idonta, tana tsaye da 'yarka a baya. Ka tambayi Barmo, ka tambayi kawu, ka tambaye ni da nake wata ƙasa, ita ba ka tambaye ta ba. In dattawa sun buɗe ƙofa, ka roƙi a ba ka ganin Jaratu. Ka faɗa mata abin da ka yi mata, ba ragi, yadda Barmo ya koya maka. Sannan ka tambaye ta ko tana son komowa, ka yi shiru ka ji amsa. Tana iya cewa a'a, kuma tana da iko. In ta faɗi haka, ka karɓa ba faɗa, ka koma Buza da ƙafarka, ka wayi gari ba ka sha ba.

Allah ya ƙara maka ƙarfin zuciya, ya ba Inna lafiyar hannu, ya sanyaya ran Jaratu, ya raya yarinya. Allah ya ba ku damina mai albarka.

Naka,
Malam Ibrahim